Daga Manzon Gwandu Zuwa Agogon Kwamfuta: Sau Nawa Kwafi Zai Waiwayi Asali?

Duk mai rubuta manhaja a yau ya san layin nan mai gurbi biyar da ake gaya wa kwamfuta lokacin da za ta tashi ta yi aiki ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, ko a Kwalejin Waziri Umaru, ko a jami'ar jiha da ke Aliero, yana iya buɗe fayil ya canza lamba ɗaya, sai aikin da ke ɗauko sabon rubutu daga babban rumbun manhaja zuwa kwafinsa ya koma gudana duk minti biyar, alhali da sau ɗaya yake yi a dare. Sauƙin abin ne ya sa ba mu cika tsayawa mu auna shi ba. Amma tambayar da ke ƙarƙashin wannan layi, wato sau nawa ya kamata kwafi ya koma ya duba asali, ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba, kuma mutanen kwarin Rima sun daɗe suna amsa ta da doki da tawada.

Mu fara daga Gwandu. A 1805 rundunar jama'ar Shehu Usmanu, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo na gaba, ta ci Birnin Kebbi, kuma a shekarar ne Shehu ya sauka Gwandu. Da aka raba tafiyar da mulki a 1812, gabas ta faɗa hannun Muhammadu Bello, yamma ta faɗa hannun Abdullahi. Bayan rasuwar Shehu a 1817 sai aka wayi gari daula ɗaya ce amma fadoji biyu, Sakkwato da Gwandu, kuma Nupe da Ilorin da Liftako duk Gwandu suke kallo. Hukuncin da aka yanke a fada ɗaya dole ɗayar ta sani. Naɗin da aka yi a Gwandu dole labarinsa ya kai Bida. Ba abin da ke ɗaukar wannan nauyi sai wasiƙa mai hatimi a cikin gafakar manzo.

Sau nawa manzo yake tashi? Ba wani waziri da ya zauna ya yanke. Hanya ce ke yankewa. Da damina, in fadamar Rima ta cika ta batse, tafiyar kwana biyu kan koma ta mako. Ga kuma yaƙi. Kabawa sun sake kafa gadon Kanta a Argungu, kuma daga 1849, lokacin da Yakubu Nabame ya ɗaga tutar tawaye, hanyar da ta haɗa Sakkwato da Gwandu ta zama wadda ba a binta sai da ayari da rakiya. Sai da aka ƙulla sulhun da ake kira Lafiyar Toga a 1867 matafiya suka ɗan sarara na wasu shekaru. Saboda haka fada kan san halin 'yar'uwarta na jiya ne ko na watan jiya, kuma kowa ya saba da yin hukunci da sanin cewa labarin da ke hannunsa ya kwana.

Al'amarin littattafai ya fi wannan kama da abin da muke ciki yanzu, don haka mu ɗan daɗe a kansa. Malam Abdullahi marubuci ne da alƙalaminsa bai huta ba: ga Liya'ul Hukkami da ya rubuta a Kano, ga Tazyinul Waraƙati, ga tafsirinsa Liya'ut Ta'awili. Kowane littafi asali ɗaya gare shi, sauran duk kwafi ne na hannu, a kan takardar da fatake ke ketowa Sahara da ita, yawancinta ƙirar Italiya mai tambarin jinjirin wata uku. Mai juya littafi na kirki ba ya cewa ya gama sai an zauna wani na karanta asali shi yana bin kwafinsa, inda aka sami tsallake ko tuntuɓen alƙalami a gyara a gefen shafi. Amma wannan zama sau ɗaya ake yinsa. In mawallafi ya ƙara wani babi daga baya, kwafin da ya riga ya kai Ilorin yana iya shekara ashirin bai sani ba.

A 1853, zamanin Sarkin Gwandu Halilu, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ke yawo da sunan Abdulkarim, ya iso Gwandu ya tarar da kwafin Tarihus Sudan, littafin tarihin Songhai da Tambutu da Abdurrahman as-Sa'adi ya rubuta a tsakiyar ƙarni na 17. Shekara kusan ɗari biyu ke nan tsakanin rubuta shi da wannan rana. Barth ya zauna 'yan kwanaki yana tsintar sassansa cikin hanzari, ya aika Jamus, aka buga su a 1855. Sai dai ya jingina littafin ga Ahmad Baba, malamin Tambutu. Wannan kuskure ya bi kwafin zuwa Turai, masana suka yi ta juya shi daga littafi zuwa littafi, bai gyaru sosai ba sai ƙarshen ƙarni na 19, da aka samo cikakkun kwafe aka buga su a Faransa. Mu riƙe wannan a zuciya, don za mu sake gamuwa da shi ta wata fuska: inda tazara ta yi nisa, gyara ma jinkiri yake yi.

Zuwan Turawa ya sauya abu ɗaya babba. Sakkwato ta faɗa hannunsu a watan Maris na 1903, kuma bayan rikicin Satiru na 1906 aka mayar da mazaunin Sarkin Gwandu Birnin Kebbi. Mulkin da Gwamna Lugga ya shimfiɗa mulki ne na kalanda. Razdan na aika rahoto sama a ƙayyadadden lokaci, Baitulmali na rufe lissafi ƙarshen wata, haraji da jangali shekara-shekara, Di'o na fita rangadi ya gwada abin da ke rubuce a littafin hakimi da abin da ke ƙasa. A karo na farko tazara ta zama doka a rubuce, wadda ake tuhumar ma'aikaci in ya saɓa mata. Hanya dai ba ta saki wuyanmu duka ba, domin jirgin ƙasa ya tsaya ne Ƙaura Namoda a 1929, bai taɓa isowa Sakkwato ko Birnin Kebbi ba, jakar wasiƙa sai ta ƙarasa a mota. Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita daga Zariya a 1939 sau ɗaya take zuwa a wata da farko, mai karatu a Argungu kuwa sai ya ƙara kwanakin hanya a kan wannan.

A zamanin ne kuma saƙo ya rabu gida biyu, rabuwar da har yau muke kanta. Akwai jakar gidan waya mai tashi ranar da aka sa mata, ko da labari ko babu. Akwai kuma wayar tangaraho, wadda ba a bugawa sai abu ya faru, kuma kowace kalma da kuɗinta. Ta farko agogo ke tashinta, ta biyu aukuwar lamari.

Wata tazarar kuma mutanen Argungu ne suka zaɓa da kansu. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyarar da ta rufe babin gabar Sakkwato da Kabi, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi da gagarumin su, daga nan bikin da UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016 ya samo siffarsa ta yanzu. Abin da baƙo ke gani shi ne dubban masunta da goruna da koma suna afka wa kogin Matan Fada lokaci guda. Abin da ba ya gani shi ne watannin da Sarkin Ruwa da Homa suka tsare wannan yanki na gulbi, ba mai jefa koma. Giwan ruwan da ake ɗagawa sama ranar biki, haƙurin waɗannan watanni ne ya rene shi. Kogin yana nan kullum, ba abin da ya hana a shiga kowace safiya sai sanin cewa yawan shiga ba ya ƙara kifi. Rumbun manhajar da ake sa wa sabon rubutu sau biyu a mako haka yake: leƙa shi duk minti ba zai sa ya haifar da komai ba.

Yanzu mu ƙetare teku, domin kwamfuta ba a nan aka haife ta ba. A ɗakunan bincike na Bell da ke Amurka, a 1972, Marc Rochkind ya ƙirƙiro SCCS, manhajar farko da ta shahara wajen adana tarihin kowane gyara da aka yi wa rubutun manhaja. A gidan ne kuma, cikin shekarun 1970, tsarin Unix ya sami ɗan ƙaramin ma'aikacin nan mai suna cron. Aikinsa a farko bai wuce ya farka duk minti ɗaya ba, ya duba jadawali, in lokacin wani aiki ya yi ya tashe shi, ya koma barci. Paul Vixie ya sake rubuta shi a 1987, kuma nasa ne ya bazu a duniyar Linux da gurabun nan biyar: minti, awa, ranar wata, wata, ranar mako. Manzon da ba ya gajiya ya samu ke nan.

Sai dai a farkon zamanin kuɗin waya ne ke riƙe da linzaminsa. Kwamfutocin da ke magana ta hanyar UUCP, wanda ya fito tare da Unix na 1979, kiran juna suke ta layin tarho, kuma da yake kiran nesa ya fi araha da dare, sai aka riƙa tara saƙonnin yini a aika su bayan mutane sun kwanta. FidoNet, wadda Tom Jennings ya fara a 1984, har awa guda ta keɓe a kowane dare da ba a barin kowa ya shiga, don injuna su yi musayar wasiƙu kawai. Ta irin wannan hanya ce imel ya fara shigowa ƙasashen Afirka da dama a farkon shekarun 1990, inji a Landan na kiran injunan nahiyar 'yan lokuta a rana. Mai aika saƙo ya san amsa sai gobe, bai kuma ɗauki hakan a matsayin matsala ba.

A 1996 Andrew Tridgell da Paul Mackerras a Ostareliya suka fitar da rsync, wanda hikimarsa ita ce ya gwada ɓangarorin biyu ya aika bambancin kaɗai. Wannan ya karya farashin daidaitawa ƙwarai, sai madubai suka yawaita, wato sabobin da ke riƙe da cikakken kwafin wani babban rumbu don a rage masa cunkoso. Masu tsarin Linux na Debian sun tsara nasu da hankali. Babban rumbunsu sau huɗu yake sabuntuwa a rana, don haka madubin da ke leƙowa fiye da haka wahalar banza yake yi, kuma manyan madubansu ba sa ma leƙowa, jira suke a taɓa su in an gama sabuntawa.

Mu a nan, a wannan lokacin, muna wani mataki daban. An ƙirƙiro Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta, 1991, layukan tarho a sabon babban birnin ƙididdigaggu ne. Kwafin fayil daga ofis zuwa ofis a faifan fulofi yake tafiya cikin aljihun masinja, daga baya ya koma filasha. Wayar salula ta GSM ta fara aiki a Najeriya a watan Agusta na 2001, ta ɗauki lokaci kafin ta game garuruwanmu. Sai shagunan intanet, sai modem na sokawa a kwamfuta, sai manyan wayoyin ƙarƙashin teku da suka sauka Legas a 2010 suka fara sassauta farashi. Wanda ya yi ɗalibta a shekarun nan zai tuna datar dare mai araha, da yadda ake ƙin barci don a sauke babban fayil kafin asuba. Lissafin masu UUCP ne dai muka sake yi da kanmu, shekara talatin bayan su, ba tare da wani ya koya mana ba.

Babban juyi ya zo a watan Afrilu na 2005. Masu gina Linux sun shekara uku suna amfani da tsarin adana tarihin gyara na BitKeeper, da aka janye musu izinin amfani da shi kyauta sai Linus Torvalds ya zauna ya rubuta Git cikin 'yan makonni, ya miƙa ragamarsa ga Junio Hamano a watan Yuli. A tsarin CVS da Subversion da suka gabace shi, tarihi a saba ɗaya yake zaune, in layi ya yanke aiki ya tsaya. Git kuwa kowane kwafi ɗauke yake da tarihin gaba ɗaya. Mutum na iya yini yana aiki a Kangiwa ko Kamba babu intanet, in ya shigo gari ya tura abin da ya tara. Ban san wata fasaha da ta dace da yanayinmu kamar wannan ba, duk da ba don mu aka yi ta ba. Amma da kwafe suka yawaita, tambayar yaushe za su haɗu ta ƙara nauyi. GitHub ya buɗe a 2008, rumbuna suka koma can da miliyoyinsu, kuma tunda leƙawa ta zama kamar kyauta, kowa ya sa injinsa ya riƙa tambaya duk minti: akwai sabo?

Kyauta ce ga mai tambaya, mai amsawa ne ke biya. Shi ya sa shekarun da suka biyo baya suka zama na kafa shinge. GitHub ya ƙayyade wa wanda bai gabatar da kansa ba tambaya 60 a awa ta ƙofar manhajoji, wanda ya shiga da makullinsa 5,000. GitLab ya sa madubansa na janyowa su riƙa sabuntuwa duk minti 30. Manhajar Jenkins ta ƙirƙiro alamar H a jadawalinta, wadda ke warwatsa ayyuka cikin awa, saboda an lura kusan kowa sifili yake rubutawa a gurbin minti, sai injunan duniya su taso wa saba ɗaya a kan awa daidai. Masu kula da rumbunan Linux kuma suka fito da grokmirror a 2013: madubi ya fara duba ɗan ƙaramin jerin sunaye mai nuna rumbun da ya canza, sannan ya ɗauko wannan kaɗai.

A shekarar 2013 ɗin ce, cikin watan Maris, aka ga ɗaya fuskar kuskuren Barth. Babbar sabar masu gina manhajar KDE, mai ɗauke da rumbuna kimanin 1,500, ta sami lalacewar fayiloli bayan an kashe ta an kunna. Madubanta, waɗanda aka tsara su bi ta sau da ƙafa, suka kwashi lalacewar kamar yadda suke kwasar kowane sabon abu, suka shafe kwafensu masu kyau. Inji ɗaya ne ya tsira da cikakken kwafi, shi ma don lokacin daidaitawarsa ya faɗo daidai sa'ar da babbar sabar ba ta amsawa. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. A Gwandu nisan tazara ne ya jinkirta gyara, a nan kusancinta ne ya gaggauta ɓarna. Tun daga nan masu hankali a wannan sana'a suka ƙara rarrabe madubi da ajiyar ko-ta-kwana: madubi na bin asali da sauri, ajiya kuwa da gangan ake barinta a baya, ta jiya daban, ta makon jiya daban.

Maganin da zamani ya fi karkata gare shi shi ne tsohuwar dabarar tangaraho. Rumbu da kansa yake buga wa kwafi ƙararrawa da zarar an tura sabon abu, babu sauran leƙe. Inda saba ke kunne dare da rana kuma tana da adireshin da za a same ta daga waje, wannan ya fi komai. Amma ƙararrawar da aka buga lokacin da wuta ta ɗauke, batirin sola ya yi ƙasa, ko layi ya yanke, ba lalle ta sake dawowa ba. Kwamfutar da ke ɗakin gwaji a Birnin Kebbi ko ofis a Argungu sau da yawa a bayan rauta take, ba mai iya kiranta daga waje. Don haka a wurinmu agogo bai yi ritaya ba. Ko an sa ƙararrawa, ana bukatar zagaye ɗaya a rana da zai tsinto abin da ya zube.

Wanda ya mayar da aikinsa kan GitHub Actions, wanda aka buɗe wa kowa a ƙarshen 2019, zai tarar da gurabun Vixie biyar suna jiransa, da ƙa'idodin gidan. Tazara mafi ƙanƙanta minti biyar ce. Aikin da aka sa a kan awa daidai yakan makara saboda cunkoso. Rumbun da ke buɗe ga jama'a, in ya kwana 60 ba motsi, ana dakatar da jadawalinsa. Asalin agogon kuma na UTC ne, mu muna gabansa da awa ɗaya, wanda ya rubuta ƙarfe biyu na dare ƙarfe uku zai gani a Kebbi. Lissafin ma a fili yake. Duk minti biyar na nufin sau 288 a rana, 8,640 a wata mai kwana 30. Ko da kowane zagaye minti ɗaya aka caje shi, ya ninka mintoci 2,000 da tsarin kyauta ke bai wa rumbun sirri fiye da sau huɗu. Duk awa kuwa 720 ne, da sauran canji. Ga wanda sabarsa ke gida, kuɗin daga data da man janareta yake fita. Akwai kuma haɗarin da sababbin hannu ba sa hangowa: in layi ya yi nauyi har zagaye ɗaya ya ɗauki minti bakwai alhali tazara biyar ce, na biyu zai taso na farko bai gama ba, su haɗu a kan fayil ɗaya. Ɗan makulli irin flock ne ke hana wannan.

Manzon Gwandu hanya ce ta yanke masa, akawun Baitulmali doka ce, mai UUCP kuɗin tarho ne. Mu ne na farko da aka bar wa zaɓin kacokan, kuma abin da na lura yawancinmu kwafo lambar muke daga misalin wani da ke zaune inda wuta ba ta ɗaukewa. Kafin ka taɓa layin nan, buɗe tarihin rumbun ka ga sau nawa ake tura masa sabo a mako. Ka tambayi wanda ke jiran kwafin awa nawa zai iya haƙuri kafin aikinsa ya tsaya. Rumbun darasin da malami ke sabuntawa kafin lacca, sau ɗaya da asuba ya ishe shi. 'Yan aiki huɗu da ke gina manhaja ɗaya da rana, duk awa daga safe zuwa magariba ya wadatar, a bar dare ya huta. Ka zaɓi mintin da ba sifili ba, ka sa makulli, ka sa aikin ya sanar da kai in ya kasa, ka kuma ware kwafi ɗaya da ba zai bi asali ba sai bayan kwana ɗaya cur.